Wasiƙa ta Goma Sha Bakwai

Mikailu,
na daina buɗe maka takarda da "muna lafiya".
Sau shida na rubuta, sau shida ka ce "ni ma haka",
har zancenmu ya koma shayin da aka yi wa ƙarin ruwa.

Don haka ga dararmu inda muka tsaya:
na ɗaga tsinkena daga gida na uku, layin gabas,
na dasa shi a ƙofar dutsenka.
Kana da mako biyu ka yi tunani.
Kada ka ce ɓera ya ture maka tsakuwa cikin dare,
na san halinka tun muna tona ramuka
a gindin darbejiyar Unguwar Shanu.

Juya takardar.
Hannun Ummulkhairi ne, na zagaye shi da biro
tana mutsu-mutsu, shi ya sa babban yatsan ya zama biyu.
Ɗora shi kan na watan Rajab
ka ga yadda na tsakiya ya tsere wa layi.
Haƙorinta na gaba ya fita,
kwana uku tana dariya da baki rufe
don kada ƙadangare ya gani.

To, taso mu ci gaba da tafiya.
Wancan karon na bar ka a Kawo, kujerar taga,
kwandasta na riƙe maka canjin hamsin.
Yau mun wuce Unguwar Sarki,
mun kutsa Kasuwa, mai gasa masara ta ɗaga mafici,
wani ya shigo da injin markaɗe a cinya.
Ga mu kan gada.
Ruwa ya cika, ya yi kalar kunun tsamiya,
wani mai kwalekwale yana tsaye kamar alif.
Nan zan tsayar da motar.
Kakuri sai wasiƙa ta gaba, kada ka sauka.

Akuyar nan tamu da ta shiga jirgi a Rigasa ba tikiti,
ka ce an ba ta hula ta zama mai duba fasinja.
Na yarda. Amma ni na ƙara:
ta cinye tikitin wani alƙali.
Sauran naka. Layi biyar, ban da kashe ta,
Inna ta ce in ka kashe akuyar ba ta yafe ba.

Ganyen gwaibar da na sa maka, ashe sun cire.
Ba komai. Na murza wani a kusurwar nan ta hagu,
shinshina kafin ya gudu.

Akwai kuma wani labari.
Kacici-kacicin da na aiko:
baki gare shi, ba ya cin komai sai magana,
da yawu ake rufe shi.
Amsarka ta iso, ka ce "munafuki",
amma a ƙasa, da fensir, da wani hannu daban,
an rubuta ƙanana: "ambulan".
Ashe mu uku ne.
Malam mai duba wasiƙu, barka da aiki,
ka ci gari. Ga wani, amma ka bar shi ya gwada tukuna:
mene ne ke tsawo a ɗaki, ya gajarce a kasuwa?

Batun ɗage shari'a na bar wa lauya,
bakinsa ya saba da ɗaci.
Gwiwar Inna tana nan yadda ka san ta.
Sifanarka mai lamba goma sha biyu
Gambo ya zo aro daga Panteka, na ce ta yi tafiya.

Fitila na lumshewa, sun ɗauke wuta tun la'asar.
Tsinkena na ƙofar gidanka.
Motarmu na kan gada, injin bai mutu ba.
Wasa na hannunka.

Ƙanwarka,
Sakina.